Yadda ake gano inda ƙarfin kuloci mai aiki da mai yake tserewa, da yadda ake gyara shi

Tun da zafin bana ya kankama, 'yan uwa direbobi na Makka da Jidda suke ta aiko mini da tambaya iri ɗaya, musamman masu Hilux da Hiace da motocin ɗaukar kaya irin su Isuzu da Canter. Mutum ya taka kuloci ya ji ƙafarsa ta nutse kamar ya taka auduga, ko fedar ta kwanta a ƙasa ta ƙi tashi, giya kuma ba ta shiga sai da gurnani. Da yawa sun ce sun riga sun sayi sabuwar masta, wasu har an sauke musu giyabos, amma bayan kwana biyu ciwon ya dawo, domin an sayi kaya tun ba a san ta inda ƙarfin yake fita ba. Manyan hanyoyin fitarsa uku ne: ko man yana yoyo waje, ko iska ta shiga layin, ko kuma robar cikin mastar sama ta gaji har man yana kewaye ta ya koma tanki ba tare da ɗigo ɗaya ya faɗi ƙasa ba. An jera matakan nan ne don ka raba waɗannan ukun kafin ka zaro riyal ɗaya daga aljihu.

Abin da nake kira mastar sama shi ne silindar da ke haɗe da feda, a jikin bangon da ya raba injin da mazaunin direba, kusa da ta birki. Mastar ƙasa kuwa tana jikin giyabos, ita ce take tura cokalin da ke raba kuloci. A shagunan kayan mota na nan Saudiyya ulba ake ce wa kowaccensu, a bambanta su da ta sama da ta ƙasa.

Kayan da za ka tanada

Kana bukatar man birki sabo wanda ba a taɓa buɗe kwalbarsa ba, domin da shi kuloci yake aiki, da sifana lamba 8 da 10 da 12 masu zobe, da sifana mai tsaga ta kwance notin bututu, da siririn tiyo wanda ake ganin abin da ke bi ta cikinsa, da gorar ruwa wadda ba komai a ciki, da babban sirinji, da tocila, da tsumma, da abin awo mai milimita. Ka nemi jak tare da ƙafafun ƙarfe na tokare mota, sannan ka nemi mutum ɗaya mai haƙuri wanda zai zauna a kujerar direba ya bi umarninka.

1. Ka tabbatar ciwon na mai ne

Da injin a kashe, ka taka kuloci ka gwada sa kowace giya. Daga nan ka ja birkin hannu, ka tayar da injin, ka sake gwadawa. Idan giya tana shiga sumul a kashe amma ta ƙi a kunne, giyabos ba shi da laifi, kuloci ne ba ya rabuwa sosai. Ribas ce ta fi saurin tona asiri, saboda a yawancin motocin nan ba ta da zoben da ke daidaita gudun haƙora, don haka ita ce take fara ƙara. Sai ka taka fedar da sauri sau biyar ko shida a jere, ka sake sa giya. In ta shiga bayan wannan famfon, ka san cewa maganar ta mai ce ko ta iska.

Gargaɗi: idan injin yana ihu a hawan tudu motar ba ta gaba, kana kuma jin ƙauri, wannan sulɓin kuloci ne. Galibi faifan kuloci ne ya cinye, ko kuma an ɗaure sandar feda fiye da kima kamar yadda za ka gani a mataki na 9. Canza masta ba zai warkar da shi ba.

2. Ka duba tankin mai

Ka goge murfin da kewayensa kafin ka buɗe, domin ƙurar da ta taru a wuyan tanki ita ce take faɗawa ciki ta kankare robobi. Ka lura da inda man ya tsaya tsakanin layin MIN da na MAX, sannan ka duba launinsa. Sabon mai garai-garai yake, da ɗan ruwan ɗorawa kaɗan. Wanda ya koma kamar shayi mai kauri ya tsufa, wanda ya yi baƙi ƙirin kuwa robar masta ce take narkewa a cikinsa.

Wasu motocin ba su da tankin kuloci na daban, suna sha ne daga tankin birki ta wani tiyo da ke fitowa daga gefensa. Da gangan aka ɗaga bakin tiyon sama, don kada yoyon kuloci ya ƙarar da man birki. Saboda haka idan takalman birki sun cinye man ya sauka, kuloci ne yake fara shaƙar iska alhali birki yana kamawa lafiya. Na sha ganin an canza masta a irin wannan hali, bayan cikon mai da fitar da iska da sababbin takalman birki ne kawai maganin.

Gargaɗi: ka karanta abin da aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4, ka zuba shi. Waɗannan biyun suna haɗuwa da juna da kuma DOT 5.1, amma DOT 5 na silikon ne, ba ya haɗuwa da su. Kada ka kuskura ka zuba baƙin mai ko jan man sitiyari ko da a tsakiyar sahara kake. Wani bawan Allah ya taɓa kawo mana Hiace da ya cika wa tanki da jan mai a hanya, muka tarar duk robobin sun kumbura kamar burodin da ya sha ruwa, sai da aka canza masta biyun da tiyo, aka wanke bututu. Man birki kuma yana cin fenti, in ya zuba a jikin mota ka wanke wurin da ruwa nan take.

3. Ka bi sawun yoyo

Idan man ya ragu, wani wuri ya bi. Ka fara da inda mutane suka fi mantawa, wato cikin mota: ka kwanta ka haska tocila sama da feda, inda sandar take shiga masta. Danshi a jikin sandar, ko fentin da ya ɗaye a bangon, ko dardumar ƙafa da ta jiƙe tana santsi, duk shaida ne cewa robar bayan mastar sama ta mutu. Daga nan ka bi bututun ƙarfe da yatsa, kana taɓa kowane noti, har zuwa guntun tiyon roba da ke haɗa shi da giyabos. A mastar ƙasa ka janye rigar robar da ke rufe sandar. Ya kamata cikinta ya kasance a bushe, in mai ya zubo daga ciki ka gama bincike.

Akwai motocin da ba za ka ga mastar ƙasa a waje ba, sai dai bututu ya shige cikin kwandon giyabos, domin silindar tana ciki haɗe da boris. A irinsu ka duba ƙasan kwandon, inda ya haɗu da injin. Ɗigon da ke wurin yana iya zama na abu uku, kuma hanci da ruwa ne suke raba gardama: man injin baƙi ne, man giya yana da wari mai ƙarfi kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, man birki kuwa yana narkewa ya bi ruwa in ka wanke yatsanka. Wasu manyan motoci kuma suna da tukunyar iska a bayan mastar sama mai taimaka wa ƙafa, kuma mai yana iya tsiyaya cikinta a ɓoye, sai an kwance mastar a gani.

Gargaɗi: kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma ka bar salansa ta huce.

4. Gwajin yoyon ciki

Wannan matakin ne yake raba mai gyara da mai canje, domin a nan tanki yana cike, ko'ina a bushe, amma kuloci yana mutuwa a ƙafa. Ka kai motar fili inda babu kowa a gabanta, ka ja birkin hannu, ka tayar da injin, ka taka kuloci har ƙasa, ka sa giya ta ɗaya, ka riƙe ƙafarka a nan kamar minti ɗaya. Idan bayan ɗan lokaci ƙarar injin ta fara sauka motar tana neman jan kanta alhali ba ka ɗaga ƙafa ba, ƙarfin yana zurarewa. Tunda ba ka ga yoyo a waje ba, komawa tanki yake yi ta gefen robar fistin.

Akwai wata alama da ke tabbatar da haka. Ka kashe injin ka taka fedar da sauri, za ka ji nauyinta. Ka sake takawa sannu a hankali kamar mai tsoron taka ƙaya, za ka ji ta tafi ƙasa ba tare da ta yi maka gardama ba. Dalili shi ne bugun sauri yana buɗe leɓen robar ya manne da bangon silinda, taku a hankali kuwa yana barin mai ya silale ta gefensa. Shi ya sa masu wannan ciwon suka fi kuka a cunkoso, lokacin da mutum yake riƙe da kuloci yana rarrafe a bayan wata mota.

In kana son hujjar da ba ta da ja, ka kwance bututun daga bakin mastar sama, ka toshe ramin da notin da zarensa ya yi daidai, ka taka a hankali. Lafiyayyar masta za ta tsaya cak kamar dutse bayan ɗan motsi kaɗan. Wadda ta ci gaba da nutsewa ta mutu. Wadda take lotsawa tana dawowa kamar soso tana da iska. In kuwa ta tsaya cak, laifin yana gaba, a tiyo ko a mastar ƙasa. Ka sa abokin aikinka ya taka bayan an mayar da bututu, kai kuma ka riƙe tiyon robar a tafin hannu. Tsohon tiyo yana kumbura kamar balan-balan ya shanye ƙarfin da ya kamata ya kai ga cokali, kuma ya fi yin haka in ya ɗau zafi.

Gargaɗi: kada ka tattake fedar da ƙarfi yayin da ramin yake toshe. Kada kuma ka matse tsohon tiyo da filaya mai kulle don yin wannan gwajin, domin tana murƙushe zaren cikinsa ya fashe daga baya.

5. Ka duba ƙarafan kafin ka yanke hukunci

Abokin aikinka ya taka har ƙasa, kai kana kallon sandar mastar ƙasa. A yawancin motoci tana fita fiye da santimita ɗaya, ta tsaya a nan muddin ƙafa tana ƙasa. Idan tana fita sosai ba ta ja da baya amma giya ba ta shiga, ɓangaren mai ya yi aikinsa, sai a nemi tsagewar cokali, ko cinyewar ƙwallon da yake juyawa a kai, ko matsalar faifai. Ka kuma girgiza fedar da hannu, domin fin ɗin da ke haɗa ta da sandar masta yana cinye raminsa har rabin takun ya tafi a banza.

6. Sayen kaya da lissafin kuɗi

Ka tafi shago da istimara, wato takardar rajistar motar, domin lambar shasi da ke jikinta ce za ta fitar da ainihin kayan, kuma ka ɗauki tsohuwar mastar a leda a gwada. Faɗin cikin silinda ya bambanta ko a tsakanin motoci masu suna ɗaya, kuma wadda ba ta dace ba za ta ba ka feda mai tauri ko kuloci mara rabuwa. Mai shago zai tambaye ka asli kake so, wato na ainihi, ko tijari, wato na kasuwa. A Toyota, kamfanin Aisin yana cikin masu ƙera mata waɗannan silindoji, don haka nasa zaɓi ne mai kyau tsakanin tsadar wakala, wato dillalin kamfanin motar, da arhar da ba ta da tabbas.

Mai shi ne mafi arha a lissafin, sai robobin gyara da ake kira islah, sai mastar ƙasa ta waje, sai ta sama. Canza ta ƙasa ba ya cika wuce awa ɗaya, ta sama takan ci awa ɗaya zuwa biyu saboda matsin wurin. Mai tsadar gaske ita ce silindar da ke cikin kwando, domin sai an sauke giyabos, aikin da kan cinye yini, kuma tunda an riga an biya kuɗin hannu, hikima ce a canza faifai da murfinsa a lokaci guda. Ka tambaya ko farashin ya haɗa da harajin kashi 15 cikin 100, ka kuma karɓi fatura, wato rasit, ka adana saboda garanti.

A ganina islah yana da amfani ne kawai idan bangon silindar yana sheƙi ba tabo ba tsatsa. In farcenka ya maƙale a wani layi a ciki, sabuwar roba ba za ta daɗe ba. Tashlih, wato inda ake sayar da sassan matattun motoci, wuri ne mai kyau na neman feda ko cokali ko bututun ƙarfe, amma ban ba ka shawarar sayen masta a can ba, saboda robar da ta shekara a rana ta riga ta bushe. Idan motar ta tsufa kuma ɗaya ta mutu, ka canza biyun.

7. Kwancewa da ɗaurawa

Ka zuƙe man tanki da sirinji, ka shimfiɗa tsumma, ka fara sassauta notin bututu tun mastar tana ɗaure a wurinta. A ta sama ka cire fin ɗin feda daga ciki, sannan notocin bango. Ka auna tsawon sandar tsohuwar ka saita sabuwar daidai da ita. Kafin ka ɗaura ta, ka cika ta da mai a hannu, ka tura fistin a hankali kana toshe bakin da yatsa a duk lokacin da yake dawowa, har kumfa ta daina fita. Wannan ɗan aikin yana rage maka rabin wahalar mataki na gaba.

Gargaɗi: ka fara ɗaura notin bututu da yatsa zagaye uku ko huɗu kafin ka sa sifana, domin jikin masta mai laushi ne, zarensa yana lalacewa da karkata ɗaya. Kada kowa ya taka feda yayin da mastar ƙasa take rataye, fistin zai yi tsalle ya fito.

8. Fitar da iska

A warsha, wato gareji, tansim ake ce wa wannan aiki, kuma a nan ne yawancin gyara yake lalacewa saboda gaggawa. Ka cika tanki. Ka sa sifana mai zobe a ƙaramin notin fitar da iska da ke jikin mastar ƙasa, ka cusa tiyo a kansa, ɗaya bakin ya nutse cikin ɗan mai a gora. Ka ce wa abokin aikinka ya taka sau uku a hankali ya riƙe a ƙasa. Ka buɗe notin kwatan zagaye, mai da kumfa su fita, ka rufe, sannan ka ce ya saki. Tsarin kenan kullum, rufewa tana gaban saki, domin in ya ɗaga ƙafa notin yana buɗe, iskar da ta fita za ta koma. A zagayen farko fedar ba za ta tashi da kanta ba, sai ya ɗago ta da hannu, kuma wannan ba alamar lalacewa ba ce. Bayan kowane buɗewa uku ka leƙa tanki ka ƙara mai. Tankin kuloci ƙarami ne, in ya ƙafe sau ɗaya ka koma farko.

Ka ci gaba har man da ke bi ta tiyo ya zama garai-garai ba kumfa, ko da fedar ta riga ta yi nauyi. Dalilin shi ne man birki yana shan ruwa daga iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 na ma'aunin Celsius, na DOT 4 kuma 230, amma in sun sha ruwa ma'aunin yakan sauko zuwa 140 da 155. Ruwan kuma yana sa tsatsa a cikin silinda. Ga motar da ke kwana a raɓar Jidda ta wuni a zafin Makka, ko take hawan Ɗa'if da kaya, canza man duk shekara biyu ba almubazzaranci ba ne.

Idan ka yi ta yi fedar tana nan lagwab, iskar ta maƙale ne a wani lanƙwasa na bututu, tana hawa sama kai kana tura ta ƙasa. Sai ka juya aikin: ka rage man tanki, ka cika sirinji da sabon mai ba kumfa, ka haɗa shi da notin ƙasa, ka buɗe, ka tura man sama a hankali har ka ga kumfa tana fitowa a tanki, kana lura kada ya tumbatsa.

Gargaɗi: in notin ya cije kada ka ja shi da ƙarfi, rami ne da shi a tsakiya, karyewa yake yi. Ka fesa masa man sassauta tsatsa ka jira, ka goge wurin tas kafin ka buɗe. Man da ya fito cikin gora ba a mayar da shi tanki.

9. Saitin feda

Ka danna fedar da yatsa ka auna tafiyar da take yi kafin ka ji nauyi. A yawancin Toyota wasan yana tsakanin milimita 5 zuwa 15, kuma daga ciki milimita 1 zuwa 5 na sandar ne kafin ta taɓa fistin. Ana saita shi ta sassauta notin kulle a juya sandar. Wasu suna tsawaita sandar har wasan ya ɓace don kuloci ya kama a sama, kuma wannan kuskure ne mai tsada, domin fistin ba zai koma ƙarshe ba, zai toshe ƙaramin ramin da mai ke bi ya koma tanki. Da safe motar za ta yi lafiya, in mai ya ɗau zafi ya kumbura sai ya riƙa danne kuloci da kansa, faifai ya yi ta sulɓi har ya ƙone.

10. Gwaji a hanya

Ka maimaita gwajin riƙe feda na mataki na 4, sannan ka zaga unguwa har injin ya yi zafi, kana gwada ribas a kowace tsayawa. In ka dawo ka shafa busasshen tsumma a kowane noti da ka taɓa, ka yi alama da biro a jikin tanki daidai inda man ya tsaya, ka riƙa duba alamar kowace safiya tsawon mako guda.

In kuwa kuloci ya mutu maka a hanya kafin ka kai ga gyara, cikon mai da famfon feda sukan kai ka warsha mafi kusa. Ana kuma iya kashe injin a sa giya ta ɗaya a tayar da motar a cikin giya, amma za ta zabura gaba nan take, kuma duk tsayawa sai ka kashe ta. Wannan dabara ta fili ce inda ba mutane. A cikin ramukan dutsen Makka, ko a gangaren Hada da ke hanyar Ɗa'if, ko a cunkoson lokacin Umara, ka kunna fitilun haɗari ka gangara gefe ka kira sataha, wato motar ɗaukar motoci, ta ɗauke motar.